Yawon Magariba da Baba Agali

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida na ji ku kuna dariya, wai abin da na yi da ƙuruciyata ba sana'a ba ce. Wai mene ne abin wahala a ciki: ka ja nasara cikin gari, ka tura masa kilishi a baki, ka nuna masa sama da yatsa, ya sa hannu a aljihu. Ɗayanku har ya ɗaga wayarsa ya ce ga sunayen taurarin nan duk ta rubuto masa. To madalla. Ku da ba ku iya ɗora buta a kan gawayi ba tare da kun ƙona ganyen shayi ba, ku zauna ku ji yadda ake yin abin.

A wancan zamani hanyar Agadas zuwa Damagaram babu kwalta, rairayi ne da ramuka. Lokacin sanyi nasaru ke ƙetaro hamada da tsofaffin motoci, wasu don ganin duniya, wasu don su sayar da motar a kudu su koma gida ta jirgi. Wanda ya baro Agadas da sassafe, a Tanut yamma ke riskarsa, ya sauka a kamfama, wato gidan saukar baƙi. A nan nake aikin shara da ɗebo ruwa. Faransancina ba na lakwal ba ne, wato ba a makaranta na koya ba, a bakin baƙin nan na tsince shi.

Wanda ya ƙirƙiro yawon kuwa Baba Agali ne, Ba'abzine, tsohon madugun ayari. Farin farko, na farkon shekarun saba'in, ya kashe masa raƙuma, ya shigo gari ya zauna bayan kamfama yana dafa shayi. Dogo ne, ba ya yawan magana, rawaninsa ya koɗe amma kullum a wanke. Ya lura baƙin nan sun gaji da cin abincin gwangwani, kuma in dare ya yi sai su tsaya a tsakar gida suna kallon sama baki sake. Sai ya haɗa biyun: ya zagaya da su gari su ci abin da mutanen gari ke ci, sannan ya hau da su tudun gabas ya gaya musu abin da ke saman kansu. Faransanci ne ba ya ji, shi ya sa ya kira ni.

“Illa,” ya ce, “bakinka nake so, ba kanka ba. Abin da na faɗa shi za ka faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage.”

Sanyin farko duk dako na yi. Tabarmi, barguna, salka, murhun waya, buta, finjalai a naɗe cikin tsumma, dunƙulen sukari, fitila. Kowanne da dokarsa. Salka sai tsohuwa, don sabuwa tana sa ruwa warin jima. Ruwan da za a zuba mata tun safe ake tafasa shi a bar shi ya huce, saboda cikin nasara ba ya ɗaukar ruwan rijiyarmu. Bargo sai ya wuni a rana, in ba haka ba warin akuya ya kori mutum daga tabarma. Fitila kuwa tun a gindin tudu ake kashe ta, a hau a hankali cikin duhu, don kafin a kai sama ido ya saba. Wata rana na mance na hau da ita a kunne. Washegari Baba Agali ya bar ni a gida, ya tafi da baƙi yana yi musu magana da hannu, ni kuma na kwana ban samu ko sisi ba.

Abinci ma da tsarinsa, ba duk abin da ka gani za ka danƙa wa baƙo ba. Da la'asar sakaliya ake fita. A fara da mahauta, ka zaɓi kilishi siriri wanda yajinsa bai yi yawa ba, kuma kai za ka fara ɗanɗanawa a gabansu. Daga nan a bi gefen kasuwa inda matan Abzinawa ke sayar da cuku da dabino. Gab da magariba a isa gidan Inna Fanna, Babarbariya ce, furarta babu irinta a duk Damargu. A tsakar gidanta baƙi ke zama mu je mu yi salla, don kada su riƙa gilmawa gaban sahu da kyamara. In mun dawo a kawo ɗan dambu ko tuwo, kaɗan. Wanda ya cika ciki da an shimfiɗa masa tabarma barci zai yi. Wanda bai ƙoshi ba kuma hankalinsa na kan tukunya, ba ya ɗaga kai. Tsakanin nan biyu ake ajiye mutum, kuma ba a rubuta ma'aunin a ko'ina ba, a fuskarsa za ka karanta.

A kan tudu sai shayi ya fara zagayawa, mai ɗacin nan na farko ya wartsakar da su, sannan Baba Agali ya buɗe baki. Ba ya zubo sunaye kamar mai kirga awaki. Ɗaya zai kama, ya ce ga Kaza da 'ya'yanta, mu a wurinmu 'yan matan dare ne, ya gaya musu abin da fitowarta ke nufi ga mai shuka da abin da take nufi ga mai tafiya. Ya bar su su yi shiru. Sannan ya juya gabas ya nuna Amanar, jagoran ayari, da ɗamararsa da takobinsa. Wani dare taurari uku kawai zai ambata, a sauko kowa ya gamsu.

Akwai wani mai jan gemu da ban manta ba. Tun a wurin mahauta yake yatsina fuska. Da muka isa gidan Inna Fanna ta dama fura, ta durƙusa ta ajiye masa, sai ya sunsuna ƙwaryar, ya sa ƙafa ya ture ta gefe.  To ku masu cewa aikin sauƙi, me za ku yi? Baba Agali ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya shanye tas, ya ce, “Fanna, Allah ya yi wa hannun nan albarka.” Sannan ya dube ni ya ce, “Gaya masa a garin nan ba a taɓa abinci da ƙafa.” Na gaya masa yadda aka faɗa. Da za mu fita, ya sauke salkar daga kafaɗata ya rataya wa mai gemun, shi ya kai ta har kan tudu yana haki, abokan tafiyarsa na ƙunshe dariya. Da safe Baba Agali ya sayi goro ya kai wa Inna Fanna da kansa. A hanya ya ce mini baƙo kwana ɗaya zai yi ya wuce, amma gobe ma ƙofar Fanna za mu buga.

Irinku ba yau aka fara ba. A lokacinmu akwai Mamman, yaron mota ne da aka kora daga kamyo, babbar motar kaya. Ya ga muna samu, ya ce shi ma zai yi. Ya tare wasu baƙi tun a bakin gari kafin su iso kamfama, ya ce nasa yawon ya fi araha. Ya ba su nonon da ya kwana a rana, ya bi musu da tsire mai sanyi, suka nemi ruwa ya ɗebo musu a randar tasha. Tauraro ko ɗaya ba su gani ba, a bayan kamfama suka kwana suna safa da marwa. Ɗaya daga cikinsu sai da aka kai ta wurin likita, jandarma suka riƙe Mamman kwana biyu. Mu da ba mu ci ba ba mu sha ba, sai da muka yi wata guda mai kamfama na hana baƙi bin kowa.

Da abin da ya tara a aikin nan Baba Agali ya sayi awaki, daga baya ya sayi taguwa, wato raƙuma, ta haifa masa. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani. Da ya ga yana tuntuɓe a hawan tudu, ya miƙa mini buta da finjalai, ya koma wurin ɗansa a kwarin Tarka, arewa da Balbeji. Na ci gaba ni kaɗai, shekaru masu kyau, har na yi aure na gina ɗakin nan da kuke jingina da shi.

Sai fari na biyu ya zo, na tsakiyar shekarun tamanin. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Makiyaya suka yi ta koro dabbobi kasuwa kafin su mutu a hannunsu, nama ya zama banza, kilishi ko'ina a shanye kamar wanki. Bayan nan kuma komai ya ɗauke. Babu nono, babu cuku, Inna Fanna ta kife ƙoren furarta. Tudun gabas da muke hawa ya cika da bukkokin tsumma na mutanen da suka rasa komai. 'Yan yawon buɗe ido suka ragu, waɗanda suka maye gurbinsu ma'aikatan agaji ne da masu ɗaukar hoto. Mamman ya sami sabuwar sana'a, yana kai masu kyamara bukka bukka yana ɗaga musu labule su ɗauki yaran da suka fi ramewa. Shi ma yawo yake kiran abin. Ni na naɗe tabarmina na ajiye. Ba a yawo da mutum yana tauna nama a gaban wanda bai ci ba tun jiya.

Wata rana da hantsi wata mata ta yi sallama a ƙofata, fuskarta a rufe da gefen mayafi. Ta ce ita matar ɗan Baba Agali ce. Dabbobinsu sun ƙare har taguwar, mijinta ya tafi kudu neman aiki, su kuma suna kan tudu. Yaran ana ba su kunu a wurin masu agaji, ita ma tana karɓo tsaba. Amma tsohon ya ƙi shiga layi, ya ƙi a rubuta sunansa, kuma ba ya taɓa rabon jikokinsa. Ruwa yake sha da ɗan abin da ta matsa masa.

Na same shi zaune bakin bukka, idanunsa duka biyu sun yi fari fat. Wuyansa ya zama kamar kara. Muka gaisa, ya gane muryata tun kafin in faɗi suna. Na ce, “Baba, ka zo gida mana, ga ɗaki.”

“Ina da ɗaki,” ya ce, ya dafa tsumman bukkar.

“To bari in kawo maka abinci.”

“Illa, ban taɓa miƙa hannu ba sai don in nuna hanya. Ba yanzu zan fara ba.”

Daga nan gidan masu agaji na nufa. Akwai wata likita da muke kira Madam Doguwa, ita ke auna yara, tun safe har dare tana tsaye. Na gaya mata komai ban ɓoye ba. Na ce mutumin nan sadaka ba zai karɓa ba, amma ladan aiki zai karɓa. Ku kuma kun yi watanni a garin nan ba ku ɗaga kai sama ba. Ta ce za ta yi magana da abokan aikinta. Sharaɗina ɗaya, babu kyamara. Suka yarda za su ba da shinkafa da mai daga abincinsu na kansu, ba daga na rabo ba, Inna Fanna ta dafa.

Na koma na ce, “Baba, akwai baƙi. Sun ce madugu suke so, ba yaronsa ba.”

 Ya ce, “Wata kwana nawa yau?”

Na gaya masa. Ya ce a bari sai ya fara makara wajen fitowa, jibi ya yi.

Yawon ya canza. Babu kasuwa, babu mahauta. Cin abinci a cikin gidan Inna Fanna ne, ƙofa a rufe. Madarar gari take damawa da furar jar dawa, kuma ta ce duk wanda ya kira abin nan nono a gabanta ya fita. Tudun ma na sake, na sami wani ƙarami a yamma, nesa da bukkoki. Akushin Baba Agali daban ake zubawa, a tafi da shi can, sai an gama aiki yake karɓa. Ya ci kaɗan a wurin, sauran ya tafi da shi.

Kuna tambayar yadda makaho ke nuna tauraro. Ni ke shimfiɗa tabarma, kanta na duban arewa daidai, in zaunar da shi a tsakiya. Ya shafa gefenta, ya tambaya ko an yi isha'i, shi ke nan ya san inda kowa yake. Hannunsa kan kauce da kamar taƙi ɗaya, ni kuma ina durƙushe bayan baƙi da kara a hannu, ina faɗin abin da ya faɗa, ina gyara musu saiti. Duk sun san ba ya gani. Babu wanda ya taɓa ambatawa. Haka muka yi ta yi daga ƙarshen sanyi har bazara ta yi nisa, duk daren da babu farin wata kuma likitocin ba su faɗi don gajiya ba. Wuyan ya fara cikowa.

Daren ƙarshe zafi ake yi, iska ko motsi ba ta yi. Mun hau sama garau. Lokacin Amanar ya riga ya faɗi, Taguwa ce ke tsaye a arewa, taurari bakwai. Baba Agali ya ɗaga hannu ya fara bin ta gaɓa gaɓa, ga ƙafafu, ga wuya, ga kai. Ya ce can ƙasa da ita ga ɗanta, kuma tauraron nan da ba ya motsi mace ce aka ba riƙon ɗan don a tatsi uwar, an ce mata in ta saki ta shiga uku, shi ya sa har yau take tsaye. Bai taɓa daɗewa a kan labari kamar ranar ba. Ya shiga yadda ake tatsar taguwa, yadda take juyo da kai ta sunsuni ɗanta kafin ta saki nono.

Yana cikin wannan wani baƙin girgije ya taso daga gabas, shiru, ya fara cin sama. Ina kallo ya rufe Taguwar tun daga ƙafa har kai. Na sauke karan. Madam Doguwa ta dube ni, na dube ta, na ci gaba da fassara. Shi kuwa yana ta nuna wurin da babu komai sai duhu.

Sai iska mai sanyi ta kaɗo, da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga nesa. Ya tsaya, hannunsa a sama. Ya ja numfashi. Ɗigo ya faɗo a kan butar shayi, muka ji ƙararsa.

“Illa.”

“Na'am, Baba.”

“Tun yaushe sama ta rufe?”

“Tun kana kan yadda ake tatsar taguwa.”

“Ka bar ni ina nuna wa mutane abin da babu?”

“Labarin suke saurare, Baba.”

“Ba labari suka hau tudu su gani ba. Miƙo akushin.”

Na miƙa masa. Ya buɗe, ya sa gefen hannu ya raba shinkafar gida biyu, ya shafa ya tabbata sun yi daidai. Ya juye rabi a cikin ƙwaryarsa, ya turo mini sauran. “Rabin aiki na yi,” ya ce. Madam Doguwa ta ce in gaya masa su sun gamsu, kuma daren nan ya fi kowane dare. Na gaya masa. Ya ce in gode mata, in kuma gaya mata ba ita ke auna aikinsa ba. Wannan ma na faɗa yadda aka faɗa.

Kafin mu sauko ruwa ya kece. Daga can gabas muna jin guɗa da kaɗa gwangwanaye a cikin bukkoki. Na riƙe masa hannu har bakin bukkarsa, ƙwaryar na cikin rigarsa, rabin akushin na kaina a ƙarƙashin tabarma. Ba mu sake hawa tudu tare ba. Damina ta kankama, da ciyawa ta fito ɗansa ya dawo ya tafi da su arewa, can ya rasu bayan 'yan shekaru. Ni na ci gaba har aka shimfiɗa kwalta, motoci suka koma wuce Tanut da rana tsaka ba sa ko rage gudu.

Rabin akushin kuwa gidan Inna Fanna na mayar da shi a daren, a jiƙe sharkaf. Na gaya mata yadda aka yi. Ta yi tsaki ta ce, “Wannan tsoho taurin kansa ne zai kashe shi, ba yunwa ba.” Ta rufe da faifai ta ajiye. Da safe ta ɗumama, ta kira ni ta ce, “Kai masa. Ka ce in ji Fanna, wannan ba lada ba ne, ba sadaka ba ce, ɗumame ne ya rage a tukunya, kuma a gidana ba a zubar da abinci. In ba ya so ya zo da ƙafarsa ya gaya mini.”

Na kai, na faɗa, na ajiye a gabansa na tafi ban jira amsa ba. Da azahar surukarsa ta kawo akushin gidan Inna Fanna a wanke. Inna ta tambaye ta ko ya ci. Ta ce ya cinye, kuma ya ba da saƙo: a gaya wa Fanna ta riƙa rage barkono.